Lamba 249: daga buhun gyaɗa zuwa hantar kawuna

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya rasu a nan Garwa yana da shekara 44, wata 2 da 'yan kwanaki bayan ranar da aka fara ɗaukar hoton cikinsa. Fataucin gyaɗa ne sana'arsa tun yana saurayi. Da kaka yakan bi kasuwannin ƙauye daga Pitowa har Gidar yana saye, ya jibge buhuna a wani ɗaki na bayan gida, ya jira farashi ya tashi kafin ya fitar. Ƙaƙƙarfan mutum ne, bai taɓa kwanciya asibiti ba, ba ya shan giya, ba ya shan taba. Da ya fara rama muka ce gajiyar hanya ce, da idonsa ya yi ɗorawa aka ce shawara ce aka jiƙo masa saiwoyi, sai da ciki ya kumbura har numfashi ya fara yi masa wuya sannan muka kai shi wurin likita. Likitan ya ja ni gefe ya ce: "Malam, ba zan ɓoye maka ba, dajin ya riga ya mamaye hantar. Za mu rage masa ruwan cikin da zafin ciwon, sauran kuma sai addu'a." Sannan ya tambaye ni ko akwai wanda aka taɓa yi wa gwajin ciwon hanta nau'in B a gidanmu. Babu ko mutum ɗaya.

Na yi imani da cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, amma neman sanin sababi bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba, ni kuwa ilimin halittu nake koyarwa a makarantar sakandare. Shekara 3 ke nan ina bin abin da masu bincike suka rubuta a kan dajin hanta, ina karantawa da dare a waya bayan na gama duba takardun ɗalibai, kuma duk inda na bi sai hanyar ta dawo da ni kan lamba guda, 249. Kafin a fahimci abin da take nufi, dole sai an fara da furotin.

A wurin yawancinmu furotin shi ne nama da ƙwai da wake, abincin da ake ce wa mai gina jiki. A cikin jiki kuwa furotin su ne ma'aikata: su ke ɗaukar iskar numfashi a jini, su ke narka tuwon da muka ci, su ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Kowane furotin doguwar sarƙa ce kamar carbi, ƙwayoyinta su ne amino asid, waɗanda iri 20 ne kawai, kuma jerin da za su bi a rubuce yake cikin DNA, kundin gadon da muke karɓa daga iyaye, haruffa 3 ga kowace ƙwaya. Sai dai sarƙar ba ta aikin komai tana miƙe. Dole ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman, kamar yadda dogon ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa shi, kuma daga naɗin ake gane na fada da na malami. Christian Anfinsen na Amurka ya warware wani furotin da sinadari, ya janye sinadarin, ya ga ya sake naɗe kansa daidai yadda yake a da ba tare da taimakon komai ba. Wannan ya nuna cewa jerin ƙwayoyin ne ke yanke yadda naɗin zai kasance, kuma a kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1972.

Mun daɗe da sanin abin da sauyin ƙwaya ɗaya ke jawowa, ko da ba mu san sunansa ba, domin da wuya a sami unguwar da babu mai amosanin jini. A furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini akwai sarƙa mai ƙwayoyi 146, kuma Vernon Ingram ya gano a Kambirij a 1956 cewa ƙwaya ɗaya tak ta bambanta mai sikila da wanda ba shi da ita. Ita ce ta 6 a jerin. Wannan ɗan sauyi ke sa furotin ɗin ya yi danƙo, ya manne da 'yan'uwansa su zama zare, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ƙashi.

Abin da ke faruwa a hanta ya yi kama da wannan, sai dai shi ba gadonsa ake yi ba, a rayuwa ake samunsa. Akwai wani furotin mai suna p53 da aka gano a 1979, mai ƙwayoyi 393, wanda aikinsa gadi ne. Idan DNA ta sami lahani, shi ne ke dakatar da ƙwayar jiki daga rabuwa har sai an gyara, in kuma lahanin ya fi ƙarfin gyara ya umarce ta da ta mutu don kada ta haifi irinta. A kusan rabin dukkan ciwon dajin ɗan Adam ana tarar da wannan mai gadi ya lalace, kuma yawanci lalacewar a warwatse take, wannan a nan, wancan a can. Amma a 1991 wasu rukunoni 2 na masu bincike, ɗaya yana duba majinyatan yankin Qidong na ƙasar Sin, ɗayan na kudancin Afirka, suka ga abin mamaki: a dajin hantar mutanen waɗannan wurare lalacewar tana faɗawa wuri guda ne a kai a kai, wato ƙwaya ta 249. Haruffan da ya kamata su karanta AGG sun koma AGT, saboda haka amino asid mai suna arjinin ya ba da wuri ga serin. A 1994 Nikola Pavletich da abokan aikinsa a birnin New York suka fitar da siffar ɓangaren p53 da ke kama DNA, sai aka ga cewa arjinin na 249 shi ne ke riƙe da wani lanƙwaso na furotin ɗin, kamar bakin rawanin da ake cusawa don kada naɗin ya kwance. Da zarar an cire shi sai wurin ya saki, mai gadi yana nan amma hannunsa ba ya iya riƙe komai.

Mai sauya wannan harafi kuwa guba ce da ake kira afilatoksin, wadda wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara. An gano ta ne bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Fumfunar tana son zafi da laima, tana samun hanya idan fari ya kama shuka a ƙarshen damina, ko ƙwari suka huda kwanso, ko aka ɗura gyaɗa a buhu ba ta gama bushewa ba aka ajiye a ƙasa. Dafuwa ba ta kashe gubar, suya ma ba ta kawar da ita. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne hanta, wadda ita ce matatar jiki, a ƙoƙarinta na rage wa gubar ƙarfi take mayar da ita wani abu mai kaifi da ke manne wa harafin G a cikin DNA ɗinta. Babu wanda ya yanki naman hantar kawuna ya karanta haruffanta, amma gwajin jini ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma na san ɗakin nan na bayan gida, na san warin da yake yi idan ruwan farko ya sauka. Na kuma san al'adar kowane ɗan kasuwa mai gaskiya irinsa: kyakkyawar gyaɗa ta tafi kasuwa, wadda aka tsince mai baƙi-baƙi da motsattsiya ta shiga miyar gida da kunu, ragowar a sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B ita ce ke tsaga bangon. Mutum yakan ɗauke ta tun yana jariri ko yana ƙaramin yaro, daga uwa ko daga 'yan'uwa ko ta askar da ba a tsabtace ba, ta zauna shekara 30 ko 40 tana kumbura hanta a hankali ba tare da ya ji komai ba. Hantar da kullum take cikin gyaran kanta tana yawan rabuwa, kuma kowace rabuwa dama ce ga kuskure ya tabbata. Wani bincike da ya bi maza kimanin 18,000 a birnin Shanghai, wanda aka buga sakamakonsa a farkon shekarun 1990, ya auna wannan haɗuwa. Masu alamar afilatoksin kaɗai haɗarin dajin hanta ya ninka musu kusan sau 3, masu ƙwayar B kaɗai kusan sau 7, waɗanda suka haɗa biyun kuwa kusan sau 60. Ban taɓa karanta wani lissafi da ya hana ni barci kamar wannan ba, domin arewacin Kamaru da kudancin Cadi ƙasar gyaɗa ce, kuma ƙwayar B ta yi yawa a cikinmu.

Wata 2 da 'yan kwanakin da kawuna ya yi ma ashe ba nasa ba ne shi kaɗai. A 2017 aka buga wani bincike da ya tattara bayanan masu dajin hanta fiye da 2,500 daga ƙasashen Afirka 9, har da Kamaru da Najeriya da Sudan. A Masar, inda kashi 76 cikin 100 na majinyatan suka sami maganin da ke yaƙar dajin, rabinsu sun kai kusan wata 11 a raye. A sauran ƙasashen kashi 3 cikin 100 ne kawai suka sami irin wannan magani, rabinsu kuma sun rasu kafin wata 2 da rabi, kuma matsakaicin shekarunsu 46 ne. Waɗannan su ne magidanta masu 'ya'ya a makaranta. A daidai wannan zamani, sakamakon wani gwaji da aka bayyana a 2021 ya nuna cewa haɗin magunguna 2, atezolizumab da bevacizumab, ya kai rabin masu dajin hantar da ya wuce tiyata zuwa wata 19, alhali tsohon maganin wata 13 yake kai su. Ci gaba ne na gaske, amma sai hantar tana da sauran ƙarfi ake iya bayar da shi, mu kuwa sai ciki ya cika da ruwa muke isa.

Haka zancen yake a sankarar mama. Binciken da ya bi mata fiye da 2,000 a ƙasashen Afirka 5, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa bayan shekara 3 rabinsu ne kawai ke raye. A Najeriya kashi 36 ne, a Uganda 44, alhali fararen fata na Namibiya kashi 90 ne, ga su a nahiya ɗaya da sauran. Manyan dalilan da masu binciken suka gano su ne zuwa a makare da rashin kammala magani. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni a 2021: a gano aƙalla kashi 60 tun ciwon yana matakin farko ko na biyu, a tabbatar da shi cikin kwana 60, kashi 80 kuma su kai ƙarshen magani. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya daga Marwa ko Garwa zuwa Ngaundare a mota, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya nemi masauki a garin da bai san kowa ba, ya san inda kwana 60 ɗin nan ke salwanta.

Ɗalibaina sukan tambaye ni, tun da an san siffar p53 shekara 30 da suka wuce, me ya hana a gyara shi. Tambaya ce mai kyau, musamman yanzu da sanin siffa ya daina zama wahala. Max Perutz ya shafe fiye da shekara 20 kafin ya ga siffar furotin ɗin jini guda ɗaya. Ma'ajiyar siffofin furotin ta duniya da aka buɗe a 1971 da siffofi 7 ta fara, kuma sai bayan rabin ƙarni ta kai 200,000. Sai ga kamfanin DeepMind na Landan da manhajar AlphaFold, wadda a gasar masana ta 2020 ta hasko siffofi daga jerin ƙwayoyi kawai, daidai da abin da ake samu a ɗakin gwaji a mafi yawan lokuta. A 2022 suka saki siffofi fiye da miliyan 200 kyauta a intanet, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba kyautar Nobel da David Baker, wanda shi sababbin furotin yake ƙerawa. Na taɓa buɗe siffar p53 a wayata na zagaya da ita cikin aji. Tsakiyarta shuɗiya ce, alamar manhajar ta tabbata da naɗin, gefunanta kuma zare ne ruwan lemo mai lilo, domin waɗannan sassa ba su da tsayayyiyar siffa ko a cikin jiki. Yaran sun yi tsit, ni ma ban taɓa zaton zan ga wannan rana a ajin da babu ko madubin duba ƙananan halittu mai aiki ba.

Amsar da nake ba su ita ce ɓatawa ta fi gyara sauƙi. Inda furotin ya haukace yana aiki fiye da kima, ana iya neman ramin da ke jikinsa a cusa masa magani ya tsaya. Haka aka yi da imatinib, wanda aka amince da shi a 2001 don wani nau'in dajin jini, ya mayar da ciwon da ke kisa cikin 'yan shekaru ya zama wanda fiye da kashi 80 na masu shan maganin ke wuce shekara 10 da shi. Haka aka yi da furotin KRAS, wanda aka shafe shekaru ana cewa ba shi da wurin kamu, har Kevan Shokat ya gano wani ɓoyayyen rami a 2013, magani ya fito a 2021. Shi kuwa p53 kwancewa ya yi, ana buƙatar abin da zai tallafe shi ya miƙe. Akwai wata lalacewa a ƙwaya ta 220 da ke barin ɗan rami, kuma ana gwada wani magani da ke shiga ciki ya riƙe naɗin, amma ta 249, wadda ita ce ta masu cin gyaɗa da masara, har yau babu maganin da aka amince da shi don gyara ta.

A gidan da aka yi wannan rashi akwai wani ciwon da shi ma na naɗin furotin ne. Kakata, mahaifiyar kawun, ta fara mantuwa tun kafin rasuwarsa, yanzu kuma kusan kullum bayan la'asar sai ta dubi ƙofa ta ce: "Auta bai dawo daga kasuwa ba?" Da farko muna gaya mata gaskiya, ta yi kuka kamar yau aka yi rasuwar, gobe ta sake tambaya. Yanzu mahaifiyata takan ce: "Inna, ya yi nisa, sai dai mu yi masa addu'a," sai ta ɗaga hannu ta shafa. Mutane suna kiran wannan gigin tsufa, wasu su ce sammu ne, a wasu wuraren har a jefi tsohuwar da ta ɓata a hanya da maita, kuma wannan zalunci ne da ya kamata malamanmu su riƙa magana a kansa a kan mumbari. Tun 1906 likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da irin wannan ciwo: curi-curi a tsakanin ƙwayoyin jijiya da murɗaɗɗen zare a cikinsu. Daga baya aka gane curin furotin ne mai suna amiloyid, zaren kuma furotin ne mai suna tau, dukansu na jikinmu ne da suka ɗauki mugun naɗi suka dunƙule, kuma kowane mai mugun naɗi yana koya wa na kusa da shi.

A 2017 masu bincike a Kambirij, ƙarƙashin Michel Goedert da Sjors Scheres, suka ciro zaren tau daga ƙwaƙwalwar wata da ta rasu da cutar, wadda ake kira Alzheimer da sunan likitan, suka daskarar da shi, suka ɗauki hotonsa da na'urar lantarki har suka ga wurin zaman kowace ƙwaya. Da suka maimaita a wasu cututtukan sai ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan karatu: furotin ɗin ɗaya ne, amma kowace cuta da irin naɗinta. Na Alzheimer daban, na cutar Pick, wani nau'in mantuwa, da aka gani a 2018 daban, na 'yan dambe da 'yan ƙwallon Amurka da suka sha bugu a kai, wanda aka gani a 2019, shi ma daban. Ke nan ƙa'idar Anfinsen tana da iyaka, kuma a nan AlphaFold ba ta da ta cewa sosai, domin siffa ɗaya take bayarwa ga jeri ɗaya. Dole sai an duba naman ɗan Adam na ainihi.

Maganin da ya biyo bayan wannan fanni bai kai yadda ake yayatawa ba. Lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana share amiloyid, kuma a gwajin mutane kusan 1,800 ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Ba ya dawo da abin da ya tafi, ana fara shi da ɗurawa ta jijiya duk mako 2, yana iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa don haka sai ana yawan ɗaukar hoto, kuɗin da aka sa masa a 2023 kuma dala 26,500 ne a shekara. Ba na Inna ba ne. Abin da ya fi kusa da mu shi ne rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, wanda ya lissafa abubuwa 14 da za a iya kaucewa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 na cutar mantuwa. A cikinsu akwai hawan jini da ciwon suga da raunin ji da raunin gani da ba a kula da su ba da ƙarancin karatu a yarinta. Kakata ta yi shekaru da hawan jini tana shan magani sai ranar da kai ya sara mata.

Akwai kuma giɓin da ke damuna: yawancin waɗanda aka gina wannan ilimi a kansu Turawa ne. Binciken da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis ya nuna a 2001 cewa yawan masu kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba, kuma nau'in gadon APOE4, wanda ke ɗaga haɗarin sosai a Turawa, tasirinsa ya fi rauni a Yarbawa. A 2023 wani aiki da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar karkarwa ta Parkinson, wanda kusan a jinin Afirka kawai ake samunsa, kuma ba a gan shi a baya ba don ba a duba mu ba. Ɗan ƙasarmu Farfesa Ambroise Wonkam ya yi kira a 2021 da a karanta kundin gadon 'yan Afirka miliyan 3. Ina goyon bayansa, kuma ina fatan idan an zo yin hakan ba za a tsaya a Yawunde da Duwala ba.

Duk da haka, amfanin ilimin siffar furotin da ya fi girma ya riga ya iso garinmu, a cikin akwatin sanyi na masu rigakafi. Allurar ciwon hanta nau'in B furotin ɗin bawon ƙwayar cutar ce, wanda tun 1986 ake sa yis ya ƙera shi, sai ya dunƙule ya ɗauki siffar ƙwayar amma cikinsa fanko, jiki ya gan shi ya koyi faɗa da ita. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma a 1997 aka nuna dajin hanta ya ragu a yaranta. Gambiya ta fara nata babban gwajin a 1986, Kamaru kuma ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2005. Ma'anar wannan ita ce duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, in ba shi ya nema da kansa ba, ba a yi masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a inda ake haihuwa a gida kuma mai jego ba ta fita. A kan wannan furotin ɗin ne ma aka gina allurar zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta riga kowace ƙasa sanyawa cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024. Wanda ya riga ya kamu kuwa akwai tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, mai danne cutar da rage haɗarin daji, tare da hoton hanta duk wata 6 ga waɗanda likita ya ga suna cikin haɗari, don a kama ƙari tun yana ƙarami ana iya cire shi.

Ita ma gubar akwai dabararta, kuma ba ta buƙatar na'ura. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini, wanda aka buga a 2005, an koya wa manoman rabin ƙauyukan su tsince gyaɗa da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara maimakon na leda, su ɗora a kan katako, su sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata 5 aka auna jininsu, gubar da ke ciki ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. A Qidong ma, da mutane suka bar masara suka koma shinkafa a shekarun 1980, dajin hanta ya ragu sosai a matasansu.

Bayan sadakar arba'in na tara gidanmu muka je gwaji. Mahaifiyata tana ɗauke da ƙwayar B, da babban ɗan kawun, wanda shi ya gaji sana'ar. Sauran da ba su da ita an yi musu allura 3. Mahaifiyata tana shan ƙwayarta bayan sallar isha, ranar hotonta kuma a rubuce take a jikin kalandar ɗakina. Ɗakin bayan gida yanzu akwai katako a ƙasa da taga da muka fasa ta gabas. Ranar da muka fara tsinta, yaron ya nuna mini tulin da aka ware ya ce: "Yaya, wannan fa? Ko a ba shanu?" Na ce masa a'a, domin gubar tana bi ta nono ta dawo cikin kindirmo, sai dai a haƙa rami a binne. Ya yi shiru yana lissafin asarar, ya ɗauki shebur ya fita.

Kakata ce ta fi kowa iya tsintar. Idan aka ajiye mata faifai a gaba, yatsunta suna ware motsattsiya da mai huji da mai baƙi cikin saurin da jikokinta ba sa iya bi, ko da yake a ranar ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Jiya ta gama faifai 4 kafin la'asar, ta tura mini na ƙarshe ta ce a ajiye wa Auta mai kyan, ya fi son ta da ɗan gishiri.